Kalmar "Filth" a Turanci: Tambayoyi da Amsoshi

Na daɗe ina koyar da Turanci a ajin yamma. Rabin ɗalibaina yara ne masu shirin jarrabawar fita sakandare, rabin kuma ma'aikata ne da ke son gyara rubutunsu na ofis. Akwai kalmomin da duk shekara sai an dawo mini da su, kuma "filth" tana sahun gaba. Laifin na ƙananan ƙamus ne. Mutum ya buɗe ya ga an rubuta "datti", sai ya rufe, ya ɗauka ya gama, alhali kalmar tana ɗauke da kayan da datti ba ya ɗauka. Ga tambayoyin da aka fi yi mini a kanta, wasu a aji, wasu ta waya.

Malam, a taƙaice mece ce ma'anar "filth"?

Ƙazanta. In kalma ɗaya kake nema, ka same ta. Ba kowane irin datti ba, sai wanda ke sa mutum ya toshe hanci, ya kau da kai, ko zuciyarsa ta tashi.

Ka tuna kwatar bayan 'yan kaji a kasuwa, a tsakiyar watan Agusta, bayan ta kwana uku a toshe. Ruwan ya yi baƙi wuluk, ledoji da gashin kaji da hanji suna yawo a sama, koren ƙuda ya yi dandazo, wari kuwa tun daga nesa yake tarbar ka. Wannan ita ce "filth". Sannan ka tuna ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan tebur da safe, wadda yara ke sa yatsa su rubuta sunansu a kai. Wannan ba ita ba ce, ko kusa.

Kalmar ba abin da ke ƙasa kaɗai take siffantawa ba, har da abin da mai maganar ya ji a ransa. Duk wanda ya ce "filth" ya riga ya yanke hukunci cewa abin nan abin ƙyama ne, kuma galibi yana nufin akwai wanda ya kamata ya ji kunya.

To ina bambancinta da "dirt"?

Kamar bambancin datti da ƙazanta ne a bakinmu. Yaro ya dawo daga ƙwallo rigarsa duk jar ƙasa, uwa ta ce ya yi datti, ya je ya yi wanka. Babu wani abu. Amma ranar da ta dube shi ta ce "kai ƙazami ne", ta bar maganar riga, ta shiga maganar hali.

"Dirt" ba lallai ta zama abin ƙi ba. A Amurka ƙasar da ake shuka a ciki ma "dirt" suke ce mata. Hanyar da ba kwalta ita ce "dirt road". Abin da ya yi araha kamar a ba ka kyauta shi ne "dirt cheap". Ba za ka taɓa jin an sa "filth" a waɗannan wurare ba.

Abin dariyar shi ne, asalin "dirt" ya fi muni. Ta fito ne daga "drit", kalmar tsohon harshen mutanen arewacin Turai da suka riƙa kai hari Ingila a jiragen ruwa har wasunsu suka zauna, kuma ma'anarta kashi. Yawan amfani ne ya wanke ta har ta zama ƙasar noma. Mu kuma "datti" ɗinmu daga "dirty" muka aro shi. Kafin zuwan Turawa muna da dauɗa da ƙazanta, kuma suna nan da ransu.

Na taɓa samun wani ɗalibi, akawu a wani ofis, da ya so ya burge maigidansa da Turanci. Ƙura ce ta dame su a kan tebura da tagogi, sai ya rubuta takarda ya ce ofishin yana cike da "filth". Maigidan ya yi karatu a waje, ya san nauyin kalmar. Ya kira dattijon da ke share ofishin ya yi masa tatas a gaban mutane, har da barazanar kora. Akawun ya zo aji da yamma jikinsa a sanyaye, ya miƙo mini kwafin takardar, yana cewa shi ƙura kawai yake nufi. "Dust" ce kalmar da yake nema, haruffa huɗu, da babu wanda ya ji kunya.

Daga ina kalmar ta samo asali?

Tsohuwar kalma ce ta gado, ba aro ba ce daga Faransanci ko Latin. Ta fi shekara 1,000 a bakin Ingilishi. A tsohon Turanci ana rubuta ta "fylþ", da wani harafi mai kama da "p" wanda ke tsaye a madadin "th". Turanci ya yar da harafin, amma mutanen Aisland suna amfani da shi har yau.

Uwarta ita ce "foul", wato abin da ya ruɓe ko ya ɓaci. Ƙwarai, ita ce dai "fawul" ɗin da alƙalin wasa ke busawa in ɗan ƙwallo ya yi ƙeta. Turanci yana da wata tsohuwar dabara ta maƙala "th" a ƙeyar sifa don a samar da suna, kuma wasalin tsakiya yakan canza. Haka "long" ta haifi "length", "strong" ta haifi "strength", "wide" ta haifi "width", "deep" ta haifi "depth". Ta wannan hanyar "foul" ta haifi "filth". Mu ma muna da irin wannan: ƙazami da ƙazanta, mugu da mugunta, bawa da bauta.

Danginta suna nan a maƙwabta. A Jamusanci "faul" na nufin ruɓaɓɓe, tana kuma nufin malalaci. A harshen Holan "vuil" na nufin mai datti. Saiwar duka ruɓa ce. Shi ya sa har gobe kalmar ta fi dacewa da abin da ke da danshi da wari, irin su kashi, amai, mugunya da mushe, fiye da busasshen abu kamar ƙura ko toka.

Yaya ake furta ta? Harshena yana harɗewa.

Ba kai kaɗai ba ne. Kalmar gaɓa ɗaya ce tak, amma ta haɗa abubuwa uku da bakin Bahaushe bai saba da su ba.

Na farko "f". Tamu da leɓɓa biyu muke yin ta, shi ya sa takan zame ta koma "p" ko "h". Ta Turanci kuwa haƙoran sama ake ɗorawa a kan leɓen ƙasa. Na biyu "th". Mu a Arewa mukan mayar da ita "s", 'yan Kudu kuma "t". Wanda ya yi karatun tajwidi ya huta, domin sautukan biyu ya riga ya san su: "f" ɗin ita ce fa'un ta Larabci, "th" ɗin kuma ita ce harafin nan mai ɗigo uku da ke cikin "thumma" da "kauthar", wanda ake fito da kan harshe tsakanin haƙora. Na uku shi ne baƙaƙe biyu a jere a ƙarshen kalma, "l" da "th", ba wasali a tsakani. Hausa ba ta son haka, sai mu cusa wasali mu ce "filis" ko "filti". Ka ce "fil", kada ka ɗauke harshe, ka zame da shi zuwa tsakanin haƙora ka hura iska. Shi ke nan.

A "filthy" ma sautin bai canza ba, kamar a "healthy" da "wealthy". Kada "worthy" ta ruɗe ka, ita tata "th" ɗin mai amo ce, irin zalun ta Larabci.

Ana cewa "a filth" ko "filths"?

A'a. Suna ne da ba a ƙirgawa, kamar ruwa ko gishiri. Ba ta ɗaukar "a", kuma ba a yi mata jam'i a maganar yau da kullum. In kana son nuna yawa sai ka ce "a lot of filth" ko "piles of filth". Ta fi zama da "in": "covered in filth", wato ya yi dumu-dumu da ƙazanta, da "living in filth", wato zama cikin ƙazanta.

Kuma ba aikatau ba ce. Na sha ganin "don't filth the room" a littattafan ɗalibai. A nan "dirty" ce ke yin aikin: "don't dirty the room".

"Filthy" fa? Nauyinsu ɗaya?

Nan ne ake buƙatar kunne. "Filthy" sifa ce, wato ƙazami ko ƙazama, kuma a ƙa'ida ta fi "dirty" ƙarfi nesa ba kusa ba. Amma Turawa sun saba zuzuta magana da ita a cikin gida har ta yi laushi. Uwa takan ce wa ɗanta "your hands are filthy" kafin cin abinci, ba da fushi ba, kamar yadda tamu za ta ce "dubi hannunka kamar wanda ya fito daga bola". Mutum yakan ce motarsa ta yi "filthy" don kawai ta kwana biyu ba wanki. Sunan kuwa, "filth", bai yi wannan laushin ba. Yana nan da dafinsa.

Sai a lura da wanda ke magana da wanda ake yi wa. Ka ce motarka "filthy" ce, babu komai. Ka ce wa mai masaukinka ɗakin girkinsa "filthy" ne, ka ci mutuncinsa.

Ana cewa "filthier" da "filthiest". Amma "very filthy" ba ta da daɗin ji, ko da yake ba za a kira ta kuskuren nahawu kai tsaye ba. Kalmar ta riga ta kai maƙura, kamar ka ce "fari fat sosai". Masu harshen sukan ce "absolutely filthy", ko a maganar gida su ce "filthy dirty".

Akwai wasu kalmomin da suka yi kusa da ita?

Da yawa, kuma kowace da gurbinta. "Grime" ita ce dauɗar da ta daɗe ta manne, irin annakiyar wuyan riga, ko baƙin da ke ƙarƙashin farcen bakanike, ko maiƙon da hayaƙi ya dafe a bangon madafa. Ba lallai ta yi wari ba, sai dai tana buƙatar dirza. "Sludge" dagwalon ƙasan kwata ne, mai kauri. "Scum" yanar da ke tasowa a saman ruwa ce, kuma zagi ce mai zafi in aka jefi mutum da ita. "Squalor" ba abu ba ne da za ka taɓa, yanayi ne, zama cikin ƙazanta da talauci a haɗe. Shara kuwa "rubbish" ce a Ingila, "garbage" ko "trash" a Amurka.

Wadda na fi so ita ce "muck", wato caɓi da kashin dabbobi da taki. Kalmar manoma ce, ba ta da girman kai. Mutanen Yokshaya a arewacin Ingila suna da karin magana, "where there's muck there's brass", ma'ana inda datti yake nan kuɗi yake, domin "brass" a bakinsu kuɗi ne. Duk ɗan jari-bola ya san gaskiyar wannan ba sai an fassara masa ba. Kashin shanu ɗaya ne, amma a gona "muck" ne, in aka tako shi har kan darduma sai ya koma "filth".

Wata masaniyar al'adu 'yar Birtaniya, Mary Douglas, ta yi suna a 1966 da bayanin cewa datti abu ne da ya bar muhallinsa. Miya a kwano abinci ce, a gaban riga datti ce. Bayanin ya zauna daidai a kan "dirt". A ganina bai gama rufe "filth" ba, domin abin da ke cikin masai yana muhallinsa, amma ba wanda ya daina ƙyamarsa.

Na ji an ce wani fim "filth" ne. Fim kuma yana yin datti?

Wannan ita ce ma'anarta ta biyu, kuma a Ingila tana da ƙarfi kamar ta farko: batsa da ashar. Dattijo ya shigo ya tarar da yara suna kallon abin da bai dace ba, ya ce "turn off that filth", wato ku kashe wannan ƙazantar. "Filthy language" ashariya ce, "filthy joke" barkwancin batsa, wanda kuma aka ce yana da "filthy mind" shi ne wanda kome aka faɗa sai ya karkatar da shi can. Mu ma mukan ce ƙazamar magana, don haka hanyar ba baƙuwa ba ce.

Akwai wani shahararren kanun jarida da ya danganci wannan. Ranar 1 ga Disamba 1976 mawaƙan Sex Pistols suka yi ta zunduma ashar kai tsaye a wani shirin talabijin na yamma a Landan, wanda Bill Grundy ke gabatarwa, a lokacin da iyalai ke zaune gaban akwatin. Washegari jaridar Daily Mirror ta fito da kanu a shafin farko, "The Filth and the Fury", wato ƙazanta da fushi. Ba wanda ya ɗauka ana maganar shara.

Ana kiran mutum da ita?

Ana yi, kuma ban ba ka shawara ba. Ka ce wa mutum "you are filth" ya wuce ka ce masa ƙazami. Ƙazami mutum ne mai ƙazanta, ana iya yi masa faɗa ya gyara. Wannan kuwa cewa ka yi shi kansa ƙazantar ce, abin sharewa a zubar. Masu ƙyamar baƙi da masu wariyar launin fata suna yawan jifan jama'a guda da ita saboda wannan dalilin.

A Birtaniya kuma, a bakin ɓarayi da 'yan daba, "the filth" na nufin 'yan sanda. Za ka ji ta a finafinansu na masu laifi, wani ya leƙo ya ce "the filth" sun iso. Ka gane ta in ka ji, amma kada ta fito daga bakinka a gaban ɗan sandan Landan.

Akwai ma wata tsokana da ta yi tashe a zamanin da Hong Kong ke hannun Birtaniya, kafin a miƙa ta ga Sin a 1997. Turawan da suka kasa kataɓus a gida suka tafi can neman sa'a, sai aka laƙaba musu FILTH, daga haruffan farko na "Failed In London, Try Hong Kong". Wato ka faɗi a Landan, gwada Hong Kong.

Me ya haɗa ƙazanta da kuɗi a "filthy rich"?

Abin da ya haɗa su a Hausa. Mukan ce wane ya tara ƙazamin kuɗi, ko ɗan kasuwa ya ci ƙazamar riba, ko an yi ƙazamin faɗa. A nan "ƙazami" tana nuna abin ya wuce kima ne. "Filthy rich" ita ce mai kuɗin da ya wuce misali. Yawanci akwai ɗan hassada ko ɗan zargi a ciki, amma ba dole ana nufin kuɗin haram ba ne. Mutum yakan ce burinsa ya zama "filthy rich" yana dariya.

Tana da yaya wadda ta girme ta da ɗaruruwan shekaru, "filthy lucre". William Tyndale ne ya yi amfani da ita a fassararsa ta Sabon Alkawari zuwa Turanci da aka buga a 1526, fassarar Sarki James ta 1611 kuma ta riƙe ta, misali a wasiƙar Bulus zuwa ga Titus, inda ake sukar masu koyar da abin da bai kamata ba don neman abin duniya. "Lucre" riba ce, daga Latin. In ka fassara kalmomin biyu ɗaya bayan ɗaya, "ƙazamar riba" za ka samu cif. Yau ba a cika faɗin ta da gaske ba, sai da sigar zolaya.

Wani ya rubuta "filthy" a ƙarƙashin bidiyon ƙwallo, kuma da alama yabo yake yi.

Yabo ne. Ɗan wasa ya yanke mutum uku ya ɗaga ƙwallo ta saman gola, matasa su ce "that was filthy". Kamar yadda namu ke cewa abu ya yi mugun kyau, ko wane mugu ne a ƙwallo. A wasan besbol na Amurka, jifan da mai duka ya kasa taɓawa shi ne "filthy". Amma a wasan kurket na Ingila, in aka ce mai jifa yana jefa "filth", ana nufin jifan banza yake yi. Kalma ɗaya, wasa biyu, ma'ana ta juya.

Ingilishi suna da wasu kuma. "A filthy look" muguwar harara ce. "A filthy temper" baƙar zuciya, "a filthy mood" kuma ranar da mutum ya tashi ba ya son ko gaisuwa. "Filthy weather" ita ce ranar ruwa da iska da sanyi, irin wadda suke da ita da yawa. "A filthy habit" sun fi faɗin ta a kan shan taba.

Shin "filth" ita ce najasa?

Wannan tambayar ta fi kowace daɗi a wurina, kuma wani almajirin fiƙihu ne ya fara yi mini ita. Gaskiya ne wasu littattafan fiƙihu da aka mayar Turanci suna fassara najasa da "filth", wasu kuma da "impurity". A fassarar Alƙur'ani ma ta shigo. Marmaduke Pickthall, Baturen Ingila da ya musulunta, wanda fassararsa ta fito a 1930, ya sa "filth" a madadin kalmar "rijs" a aya ta 30 ta Suratul Hajji, inda aka yi umarni da nisantar gumaka. Abdullah Yusuf Ali ya zaɓi "abomination" a wurin. Shaihu Abubakar Gumi kuma, a fassararsa ta Hausa, "ƙazanta" ya ba "rijs" a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, wadda ta yi maganar giya da caca.

Amma kalmomin biyu ba sa hawa kan juna daidai. Najasa hukunci ce ta shari'a, tana da iyakoki sanannu. "Filth" kuwa hukuncin ido da hanci ne. A mazhabar Malikiyya kashi da fitsarin dabbar da ake cin namanta, kamar saniya da akuya, ba najasa ba ne muddin ba najasa take ci ba. Bature kuwa in ya ga turken awaki da damina, "filth" zai ce ba tare da ya yi tunani ba. Ta ɗaya gefen, ɗigon fitsarin mutum da ya bushe a wando, ba a gani ba a jin wari, najasa ne da ke hana salla, amma ba mai kiran wandon "filthy". Giya a cikin kofi mai ƙyalli najasa ce a wurin mafi yawan malamai, shi kuwa mai shan ta tsaf yake ganin ta. Don haka in kana yi wa wanda ba Musulmi ba bayanin tsarki da Turanci, "ritual impurity" ta fi kai saƙo. In ka ce "filth" zai ɗauka sabulu kake nufi.

Kalmar tana shiga rubutun hukuma ko na ilimi, ko ta fushi ce kawai?

Tana shiga, a wurare ƙalilan, kuma tarihinta a nan yana da ban sha'awa. A ƙarni na 19 likitocin Ingila da yawa sun yi imani cewa warin ruɓaɓɓen abu shi ke kawo cuta. Cututtuka irin su kwalara da taifot har suna aka ba su, "filth diseases", cututtukan ƙazanta. Edwin Chadwick ya fitar da rahotonsa kan halin tsaftar ma'aikatan Birtaniya a 1842, dokar lafiyar jama'a ta biyo baya a 1848. A 1854 likita John Snow ya bi diddigin kwalara a unguwar Soho ta Landan har zuwa wani famfon ruwa a titin Broad, ya nuna ruwan sha ne ke yaɗa ta, ba iska ba, amma ba a yarda da shi nan take ba. Abin da ya motsa 'yan majalisa shi ne hancinsu. A bazarar 1858 kogin Thames, wanda duk bayan gidan Landan ke kwarara cikinsa, ya yi ɗoyin da ya addabi majalisar da ke bakinsa. Cikin gaggawa aka amince da kuɗi, injiniya Joseph Bazalgette ya gina manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa da birnin ke mora har yau. Dalilinsu kuskure ne, amma maganin ya yi aiki, domin ya raba kashi da ruwan sha.

A Amurka kalmar tana cikin doka. Dokar abinci da magunguna ta 1938 ta ce abinci gurɓatacce ne in yana ɗauke da wani abu "filthy, putrid, or decomposed", wato ƙazami ko ruɓaɓɓe. Hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, tana kiran gashin ɓera da ɓurɓushin ƙwari da kashinsu a cikin abinci da suna "filth", har tana da ma'auni. A markaɗaɗɗiyar gyaɗar da suke shafa wa burodi, in aka samu ɓurɓushin ƙwari 30 ko fiye a kowane giram 100, ko gashin ɓera ɗaya ko fiye, hukuma na iya ɗaukar mataki. Ɗalibaina kan yamutsa fuska in na faɗi wannan, domin sun gane abin da ake nufi da ƙasa da haka. Masana ƙwari kuma suna kiran ƙudan gida da koren ƙuda "filth flies", saboda a cikin ƙazanta suke hayayyafa.

Me ya sa jaridunmu na Turanci suke son ta haka?

Gajeriya ce, haruffa biyar, tana shiga kanu ba wahala, kuma tana zargi ba tare da ta ambaci suna ba. Jaridun Najeriya da na Gana ba sa gajiya da rubuta cewa "filth" ta mamaye kasuwa kaza ko birni kaza. A nan yankin ma'anarta ta ɗan karkata zuwa tarin shara da toshewar magudanai, abin da Baturen Ingila zai fi kira "rubbish" ko "waste".

Manya za su tuna 1985, lokacin mulkin Janar Buhari da Idiagbon, da aka ƙaddamar da zango na biyar na Yaƙi da Rashin Ɗa'a, wanda ya shafi tsaftar muhalli. "War Against Filth" aka riƙa kiransa. Sharar ƙarshen wata ta ranar Asabar, da ake hana zirga-zirga da safe, daga wannan zamanin ta samo ƙarfinta.

To yaushe zan yi amfani da ita a rubutuna?

In kana rubuta labari ko insha'in siffantawa a jarrabawa, kuma wurin da kake zanawa ya cancanta, sa ta. Sau ɗaya ya isa. Mai duba takarda ya fi son ya ga ledojin da ƙudan da ruwan baƙi da idonsa, sannan kalmar ta zo ta rufe.

A wasiƙar ofis ko rahoto, ka tambayi kanka ko kana son wani ya ji an zarge shi. In ba ka so, ga "dirty", ga "dusty", ga "untidy" in hargitsi ne kawai, ga "unhygienic" ko "insanitary" in maganar lafiya ce. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne harshen dubagari da likita, suna faɗin matsala ba tare da sun ɗaga murya ba.

In kuwa takardar koke ce zuwa ƙaramar hukuma a kan kwatar da ta shekara a toshe, yara suna tsallaka ta kullum za su makaranta, to wannan gidanta ne. Ka faɗi sunan layin, ka faɗi tun yaushe, ka faɗi sau nawa kuka kai kuka, sannan ka rubuta cewa mazauna unguwar suna "living in filth". Ka haɗa da hoton kwatar.